Muciyar da ta kakkaɓo jirgi

Ina da tsohon ciki na ji a rediyo manya sun zauna a Abuja sun yi doka: ba mai tada jirgi marar matuƙi sai da izini. Ba su faɗi wanda zai tsare sararin garinmu Gwadangaji ba, sai na ɗauka ni ce.

Ranar suna, mata cike da tsakar gida, wani abu ya tsaya yana ƙugi bisa kan jaririyata. Na ce, "Wanga ba shi da izini!" Na fizge muciya hannun mai tuƙa tuwo, na sake. Ni da ban taɓa jifar kaza na samu ba, sai ga jirgi cikin tukunyar miya.

Ina jiran guɗa, ƙanin mijina ya shigo, hannu bisa kai. "Matar yaya, na mai hoton da na ɗauko daga Argungu ne!"

Hoto guda ya tsira: ni, baki buɗe, muciya tafe.

Har yau ko shirwa ta gifta, sai ƙanin mijin nan nawa ya leƙo: "Hukuma, wagga da izininki, ko a miƙo muciya?"