Ni da Firigona a Lungun Bakin Teku

Ni ba na tafiya da mota wayam, ko da hutu za ni. Da uwargidana Hajiya ta matsa mu je ganin ƙauyukan bakin Bahar Rum, sai na cika motar kayata da tsofaffin firigo da zan sauke a birnin Marseille. Muka biya Lyon muka ɗauki yayanta, Malam Issa.

A gindin wani ƙauye da ke bisa dutse, kowa yana ajiye mota ya hau da ƙafa.

"Alhaji, mu ma mu ajiye," in ji Malam Issa.

"Yaya, wanda ya ratsa kasuwar Maraɗi da babbar mota, wannan lungun ne zai gagare shi?"

Lungun ya yi ta tsukewa har motar ta maƙale tsakanin gidan burodi da bangon coci. Ba gaba, ba baya, ƙofofi kuma sun ƙi buɗuwa. Sai da mutanen gari suka sauke firigon suka jera a titi, sannan muka rarrafo ta baya. Wata tsohuwa har taya firigo ɗaya ta yi. Hajiya kuwa teku take kallo, kamar ba tare muka zo ba.

Na roƙi Malam Issa ya rufa min asiri, ya ce to. Ashe tuni ya ɗauki hoton motar a waya ya tura, har hoton ya riga mu isa unguwarmu, Saint-Denis.

Har yau in zan shiga masallaci, sai wani ya wangale ƙofa ya ce, "Alhaji, za ka wuce, ko mu sauke firigo?"