Kawu Liao da Faifan Inci Goma

"Ka ci abinci, Pan?"

"Na ci, Kawu Liao. Kai fa?"

"Ina fa. Tun safe wannan kwaɗon ta kafa mini tsaro, ko shayi ban sha da daɗin rai ba."

"Kwano biyu na kunun shinkafa ya share," in ji jikarsa A-Yun, kwaɗon da yake nufi, tana jingine babur, "har da ƙwan da na soya wa kaina."

Ni nake da shagon tsofaffin kayan inji da ke bayan kasuwar Taiping, nan birnin Taichung na Taiwan, kuma kowa a layin ya san halina: ka zagi fuskata in ka ga dama, amma kada ka kushe kayana. Kawu Liao kuwa tsohon direban ƙaramin jirgin ƙasan nan ne mai jan rake zuwa kamfanin sukari. Da aiki ya ƙare sai ya sayi ɗan injin sassaƙar ƙarfe ya kafa a bayan kicin, yana ƙera jirginsa da tagulla, tsawon hannu guda. Yanzu ya iso kan ƙafafun jirgin, su kuma ba sa yiwuwa sai da faifan juyi, ƙarfen da ake ɗaure aiki a kansa, kana murɗa hannu yana zagayawa a hankali har ka yanke da'ira.

Matsalar ita ce bayansa. Bara ya riƙe, ya yini kwance a ƙasan kicin. 'Yarsa, uwar A-Yun, ta ce in haka ta sake faruwa za a sayar da injin, shi kuma ya tattara ya koma wurinta Taipei, can saman bene. Shi ya sa aka taso A-Yun daga Tainan, inda take koya wa yara iyo, ta biyo shi ta sa ido.

Da ya shigo, ko kallon ƙananan faifan bai yi ba. Kai tsaye ya wuce ƙuryar shago ya dafa na inci goma.

"Wannan."

"Akong, faifai ka zo saye ko murfin kwata?" in ji A-Yun. Akong shi ne kaka a harshenmu.

"Ke me kika sani a ƙarfe ban da cokali?"

"Na san ƙafar jirgin naka ba ta fi murfin gwangwani ba. Ga na inci shida can, ya ishe ta har da saura."

"Wancan jirgin gwaji ne. Baɗi zan ƙera na gaske, in shimfiɗa dogo daga kicin zuwa kasuwa."

"To ni zan sayar da tikiti. Tsofaffi masu gardama kuɗi biyu."

Na sa baki, don ba na son in sayar wa mutum abin da zai dawo mini da shi. Na ce, "Kawu, na san injinka, ni na kai maka shi. In ka ɗora wannan, tsayinsa zai cinye maka wuri. Tsakaninsa da bakin yanka ko yatsa biyu ba za su shiga ba."

"Sai in ɗaga kan injin."

"Da me?"

"Da bulo, in ta kama."

"Ka ji injiniya," in ji A-Yun. "Pan, nawa ne nauyinsa?"

"Ya haura kilo arba'in."

"Kuma in an ɗora shi, shi ke nan an huta?"

"A'a. Duk ranar da zai yi aikin da ba na da'ira ba, sai ya sauke shi ya mayar da abin matse ƙarfe. Gobe kuma ya sake ɗorawa."

Ta juya ta dubi kakanta. Shi kuwa ya shiga duban silin kamar yau ya fara ganinsa.

"Wa zai riƙa ɗagawa, Akong?"

"Ni mana. Ni da na taɓa mayar da taragon rake kan dogo da kafaɗa ɗaya, ana tsakiyar guguwa."

"Bara tarago biyu ka ce."

"Ɗayan na yafe, don kada a ce ina alfahari."

"Makon jiya kwalbar miya ta gagare ka buɗewa."

"Ba gagara ta yi ba, tausayinta na ji. In kin damu, ke ki riƙa ɗagawa. Me za ki yi da waɗannan kafaɗun naki masu faɗin ƙofar gareji? Samari suna hango ki suke tsallaka titi."

"Ni zan ɗaga shi da kai a zaune a kansa. Amma a Tainan nake. In hau jirgi duk lokacin da za ka huda rami?"

"Ki hau mana. Me kike yi a can ban da jiƙa 'ya'yan mutane?"

"Ina hana su nutsewa. Kai ne dai ka gagare ni."

Da ya ga baki ba zai fisshe shi ba, sai ya nufi ɗan wurin bautar da ke gefen teburina, inda gunkin Tudi Gong, dattijon da ke tsaron ƙasar unguwa, yake zaune da lemunsa uku a gaba. Ya kunna turaren tsinke, ya ɗauki jajayen katakon nan biyu masu siffar jinjirin wata, waɗanda ake jefawa a ji amsarsa.

"Tunda ku biyu kun haɗa mini kai, bari mu tambayi wanda ya girme mu duka. Kin yarda?"

A-Yun ta ɗaga kafaɗa. A gaban Tudi Gong wa zai ce bai yarda ba?

Ya faɗi sunansa da adireshinsa ƙasa-ƙasa, ya raɗa tambaya, ya saki katakon. Suka faɗi kan doronsu duka biyun suna rausaya. Kowa ya san ma'anar wannan: dattijon dariya yake yi.

"Ka gani? Ko shi dariya ka ba shi."

"Ke yake wa dariya. Ya ga yadda hular kwano ta danne miki gashi."

Ya sake jefawa, aka sake dariya. A-Yun har da tafi. Kawu Liao ya yi gyaran murya.

"In ya yi dariya, tambayar ce ba ta fita sosai ba. Kowa ya san haka. Sai a gyara ta."

Ya matsa kusa, ya kare baki da tafin hannu, ya daɗe yana raɗa. Ya jefa. Ɗaya ya kife, ɗaya ya kwanta kan doro: an amince. Ya sake, haka. Ya yi na uku, haka. Amincewa uku a jere, abin da ni ban samu ba ko ranar da na tambaya kan aurena.

"Me ka tambaye shi?" in ji A-Yun.

"Tsakanina da shi ne."

"Na tabbata cewa ka yi, shin ƙarfe ya fi auduga nauyi."

"Cewa na yi, shin jikata ta fi kowa surutu a Taiwan. Bai ko yi jinkiri ba. Pan, kawo igiya a ɗaure shi a babur."

Nan take raha ta bar fuskar A-Yun. Ta tsaya da hular kwano a hannu tana kallon faifan. Tsoro ne ya kama ta, kuma a fili yake a fuskarta. Ita ce ta same shi a ƙasan kicin bara, yana kwance tun hantsi, ya kasa kaiwa ga waya.

"Akong," ta ce, muryar ta sauka, "ni ba injin nake ji ba. In suka kai ka Taipei suka zaunar da kai gaban talabijin, wa zan zo in tsokana ran Lahadi?"

"Matsa, kwaɗo. Kina tare mini haske."

Ya naɗe hannun riga. Na yunƙura zan taya shi, ya harare ni, na koma. Ya sunkuya ya kama faifan ta gefe biyu, ya ja numfashi. Na ga jijiyar wuyansa ta miƙe. Gefe ɗaya ya ɗan tashi daga ƙasa, bai fi kaurin kwali ba, ya koma. Ya tsaya a sunkuye, hannuwansa na kan ƙarfen, bai sake ja ba kuma bai miƙe ba.

Can sai ya zame hannu ya kama abin murɗawa. Ya murɗa gaba, ya murɗa baya, ya kara kunne.

"Pan."

"Na'am, Kawu."

"Wannan ai sako-sako ne. Hannun yana tafiya kafin faifan ya motsa. Haƙoran ciki sun cinye. Haka kake cutar tsofaffi?"

Jama'a, jinina ya hau kai. Wannan faifan ni na warware shi da hannuna, na wanke, na sa sabon mai, na daidaita haƙoransa har ko gashin kai ba zai ratsa tsakaninsu ba. A duk layin nan babu mai lafiyarsa. Na taɓa korar mutum da tsintsiya kan maganar da ba ta kai wannan ba. Na buɗe baki zan ba shi amsa, sai idona ya faɗa cikin na A-Yun. Kallona kawai take, ta ƙanƙame hular a ƙirji.

Na haɗiye. Kai, da ɗaci.

"Ka kama ni, Kawu," na ce. "Na ɗauka ba za ka lura ba."

"Ni? Shekara nawa ina sauraren ƙarfe?" Ya dafa gwiwa ya miƙe a hankali. "Ka ji kunya, Pan. Ubanka bai yi haka ba."

Har da ubana. Na shanye wannan ma.

A-Yun ta share gefen ido da bayan hannu, bakin ya dawo. "To amincewar Tudi Gong fa? Har uku."

"Cewa ya yi in saya, bai ce in sayi ruɓaɓɓe ba. Kuma shi gona da kasuwa ya sani, yaushe ya taɓa murɗa hannun inji? Nuna mini wancan ɗan tsakon."

Na sauko da na inci shida. Gaskiyar magana, shi ne ma yake da ɗan sako-sako, ban kai ga gyara shi ba. Kawu Liao ya murɗa gaba, ya murɗa baya, ya gyaɗa kai.

"Ka ga aiki. Da ma shi na zo saye, so nake in gwada hankalinku."

"Mun ci jarrabawar?" in ji A-Yun.

"Pan ya faɗi. Ke ko sunanki ba ki rubuta daidai ba."

Na nuna masa yadda ake tsayar da shi a tsaye in zai yanke haƙora, na haɗa masa da farantin rabo mai ramuka don ƙafafun su fito daidai tazara, ya karɓa kamar shi yake mini alfarma. A-Yun ta miƙa hannu za ta ɗauki faifan, ya buge hannun.

"Kayana ne."

Ya rungume shi a ciki ya nufi ƙofa, ita tana biye da shi taku-taku, hannuwanta a buɗe a bayansa ba tare da ta taɓa shi ba. A bakin ƙofa, inda akwai matakala guda zuwa titi, ya tsaya. Ya dubi matakalar, ya dubi babur, sai kafaɗunsa suka fara girgiza. Dariya yake yi.

"Ke, kwaɗo."

"Na'am, jarumin tarago."

"Kama mini gefe ɗaya."

"Gefe ɗaya kawai?"

"Kama duka, 'yar banza. Amma in uwarki ta tambaya, ni na ɗauko."