Yadda Za Ka Yi Sharhin Littafi Ba Tare da Wahalar Karatu Ba

Ya kai sabon dakta mai neman kujera a sashen nazarin Littafi Mai Tsarki, kwantar da hankalinka. Na tsufa a wannan sana'a a nan Jamus, littattafan da na yi wa sharhi in aka jera su sai sun taɓo rufin coci, kuma har yau ko tabarau ba na sawa. Bi matakan nan, na lamunce maka sunanka zai fito a mujalla kafin kofinka ya huce.

Mataki na ɗaya: Zaɓi marubuci, ba littafi ba

Kwantiraginka ya kusa ƙarewa, matarka ga tsohon ciki, kujerar dindindin kuma guda ce. To, bincika wa ke shugabantar kwamitin ɗaukar aiki. Haka ɗalibina Torben Reimers ya yi. Ya roƙi mujalla ta aiko masa da sabon littafin Farfesa Irmgard Lohse, shugabar kwamitin, baiwar Allah da ta ƙarar da ƙuruciyarta a kan kukan Annabi Irmiya. Littafin kuwa in ya faɗo maka a ƙafa sai asibiti.

Mataki na biyu: Karanta bayan bangon littafi

Masu ɗab'i sun taƙaita maka komai a can, kyauta. Wanda aka tauna wa, me zai yi da haƙori?

Mataki na uku: Nemo masu iko

A iliminmu na yanzu babu ayar da ba a ɓoye mulkin wani a cikinta ba. In annabi ya yi kuka, ka ce bore ne ga masu iko. In ya yi shiru, ka ce shirun ya fi kukan bore. Jefa kalmar Ibrananci guda, kada ka fassara. Rufe da cewa littafin ya ta da tambayoyi fiye da waɗanda ya amsa. Ba a taɓa kama kowa da wannan jimlar ba.

Mataki na huɗu: Ɗan ciza kaɗan

Yabo zalla warin fadanci yake yi. Ka ce abin takaici, marubuciya ba ta tattauna da masanan Faransa sosai ba. Torben ya ce mini, “Malam, in kuma ta tattauna da su fa?”

Na ce, “Kai, ba ka ji na ce sosai ba? Wa ya taɓa tattaunawa da su sosai?”

Mataki na biyar: Cire ledar

Wannan na ɗauka ko jariri ya sani, shi ya sa ban faɗa wa Torben ba. Ka san yadda masu ɗab'inmu ke liƙe littafi mai kwali cikin leda, bayan bangon kuma ana karanta shi tsaf ta ciki.

Sharhi ya fito. Ana saura kwanaki kwamiti ya zauna, muna shan kofi a ofishin Torben, sai ga Farfesa Lohse da kanta, ta hau bene tana haki, da kek ɗin tuffa a hannu.

“Dakta Reimers, zauna abinka. Wallahi tun da mijina ya rasu ban ji wanda ya fahimci shirun Irmiya kamar kai ba. A da shi kaɗai ke karanta ni. Miƙo littafin naka in sa maka hannu.”

“Ranki ya daɗe, ai... kada ki wahalar da kanki.”

“Wace wahala? Ga shi can ina hangowa a kan kantar littattafai.”

Ya sauko da shi. Leda na ta ƙyalli, ko ƙwarzane babu. Ni dai na duƙufa kan kofina. Ta daɗe tana kallon littafin, sannan ta ce, “Akwai almakashi?” Ta yanke ledar da hannunta, ta ninke ta, ta sa hannu a shafin farko.

“Masanan Faransa suna babi na biyar,” in ji ta. “Babin duka nasu ne. Ku ci kek ɗin, da ɗuminsa.”

Ban taɓa jin tausayin marubuci ba sai ran nan, kuma ba na ba ka shawarar ka fara.

Mataki na shida: Kada ka karanta daga baya

Kujera dai wani ya samu. Torben yanzu yana koyar da yara a wani ƙauye kusa da teku. Kwanan baya ya bugo mini waya, jaririya na tsala kuka a bayansa. Wai ya karance littafin kaf, wai bai taɓa karanta irinsa ba, wai yana son ya rubuta sharhi na gaskiya. Na ce masa babu mujallar da ke karɓar sharhi biyu daga mutum ɗaya a kan littafi ɗaya.

A ƙarshe, duk abin da ya same ka a dalilin matakan nan, babu hannuna babu ƙafata. In ka rasa kujera, ko mutunci, ko ka sa tsohuwa ta sauka bene tana share ido, tsakaninka da Allah. Ni shawara kawai na bayar, kuma da ka bi ta da gaske, ai ko wannan ɗin ma ba ka karanta har nan ba.