Wakilin Ango da Kumburin Ciki

Ba zan taɓa mantawa da ranar ɗaurin auren ƙanena Illa ba, kuma ko na so in manta, mutanen Bambeye ba za su bari ba.

'Yan shekaru ne bayan samun 'yancin kai. Ban daɗe da dawowa Tawa daga kurmi ba, inda na yi ta yawon nema tsakanin Kumasi da Abijan. Na dawo da akwatin ƙarfe, da takalmi sau ciki, da Faransanci da Asantanci da ɗan Larabcin kanti (Buzanci kuwa tun ina yaro na tsince shi a kasuwa). Na kuma dawo da wani ciwo da ban tafi da shi ba: in na ci abinci mai nauyi sai cikina ya kumbura, ƙirjina ya yi ta zafi kamar na haɗiyi garwashi. Wani mai farmasi a Abijan ya sayar mini da farin gari a gwangwani, wai bikarbonat, ya ce in riƙa zuba ɗan kaɗan a ruwa. Da gwangwanin nan nake tinƙaho.

Mahaifinmu ya rasu, don haka ni aka sa wakilin ango. Waliyyin amarya, wani dattijo mai suna Baba Arzika, bai so auren ba tun farko. Ya sha faɗa a bainar jama'a cewa kurmi ta lalata 'yan gidanmu, sun raina ƙauye, sun raina tuwon gero. Da ƙyar aka lallashe shi, kuma kowa ya san abu kaɗan zai sa ya naɗe buzunsa ya tashi. Kafin mu hau kamyo, babbar motar da za ta kai mu Bambeye ƙauyen amarya, Illa ya riƙe hannuna ya ce, "Yaya, don Allah ka yi magana irin ta mutane. Ban da Faransanci."

Muka isa da hantsi, ni da kawunmu Nomau da 'yan rakiya, aka sauke mu a wani zaure. Sai akusa suka fara shigowa. Al'adar wurin ita ce kowane gida na dangin amarya ya aiko wa baƙi abinci, baƙo kuma ya sa hannu a kowane akushi don kada a mayar da shi yadda ya zo. Loma guda ta wadatar. Ni kuwa na daɗe a waje. A gidan da na zauna a Kumasi, in ka rage abinci uwar gidan sai ta daina amsa gaisuwarka. A teburin Faransawa kaɗan-kaɗan ake kawowa, kowane faranti ka share shi. Ga kuma maganar Baba Arzika tana cina. Sai na naɗe hannun riga.

Na ci tuwon gero da miyar kuka. Na ci wake da mai da ɗanyar albasa. Na ci dambu, na bi da soyayyen naman rago mai kitse. Ba tauna nake ba, haɗiya nake, don in gama kafin wani akushin ya iso.

Kawu Nomau ya dube ni ya ce, "Kai, noma za ka ko ɗaurin aure?"

Na ce, "Kawu, so nike su san ba mu raina su ba."

"Sun sani. Tsame hannunka haka nan."

Ban tsame ba sai da cikina ya ɗaure kamar ganga. Kawu ya ce in tashi in taka zuwa bakin rijiya in dawo, kada in kwanta. Na ce masa a Abijan an wuce wannan. Na miƙe a tabarma na ɗauko gwangwanina. Ruwan randar zauren ya ƙare wajen alwala, ba abin sha sai ƙwaryar fura da nono mai tsami. A ciki na zuba garin, cokali cike, na ƙara wani. Na ga fura ta fara kumfa tana tasowa, na ce alamar ƙarfin magani ce (har na nuna wa na kusa da ni). Na kafa kai na shanye kafin ta zube.

Bayan azahar aka kira mu ƙofar gidan Baba Arzika. Dattawa sun cika tabarmi, ga goro a tsakiya. Liman ya ce, "Ina wakilin ango?" Na matsa gaba na durƙusa, gwiwata ta danne cikina. Wuri ya yi tsit. Na buɗe baki na ce, "Muna neman ɗiyarku Ramatu..."

Abin da ya biyo baya gyatsa ce, amma ban taɓa jin irinta daga ɗan Adam ba. Doguwa ce, mai hawa da sauka, irin kukan raƙumi in ana ɗora masa kaya. Warin albasa ya isa har wurin liman, na ga ya ja rawaninsa ya rufe hanci. Na sake cewa, "Muna..." Ta biyun ta fi ta farko. Wani daga baya ya yi mini hamdala a hankali.

Na tuna Illa yana Tawa yana jiran labari. Na kasa ɗaga kai.

Baba Arzika ya juya wajen kawuna ya ce, "Nomau, an ce mini yaron ga ya iya harsuna da yawa. Wanga na wace ƙasa ne?"

Kawu ya ce, "Na gidanka ne, Arzika. Waken ƙanwarka ne ka ji."

Mutane suka yi ta dariya cikin hannun riga, amma shi bai yi ba. Ya tambayi wani ɗan'uwansa ko gaskiya ne na ci abincin. Mutumin ya ce akusa sun koma kamar an wanke, har da na wata gwaggonsu wanda ko 'ya'yanta ba su iya gamawa.

Tsohon ya juyo ya dube ni. Can ya ce, "Wanda ya ci tuwonmu har ya hana shi magana bai raina mu ba. Nomau, kai ka nema. Shi ya koma baya kafin ya kashe muna liman."

Daga bayan sahu na ji an ba Illa mata, ina riƙe da baki da hannu biyu.

Tun daga ranar na canza zama da cikina. Ina tashi daga akushi tun da sauran wuri, ina taunawa kamar tsoho marar haƙora, ba na haɗa wake da kitse, kuma in na ci sai na ɗan taka kafin in kishingiɗa. Kumburin ya yi sauƙi ƙwarai, har ya kai ban cika neman magani ba. An sha sa ni wakilci bayan wannan, a Kalfu da Takanamat da cikin Tawa, kuma ban ƙara ba kowa kunya ba. Loma guda nake yi a kowane akushi, sauran sai an shafa fatiha.