Tafin Hannun Alhaji Almakashi

Najiba, gyara zama ki rubuta, kar ki rage mani ko ɗaya. Fara da cewa duk ƙasar Malumfashi ba a taɓa yin mai tausayin talaka kamar Alhaji Maitama ba. Shi ma ya shaida haka da bakinshi, kuma ba sau ɗaya ba.

Mu nan Dayi Alhaji Almakashi muke ce mashi, don kullum da almakashi a aljihu, ko Allah zai kawo ƙyallen da za a yanka a buɗe wani abu. Ƙofar makewayin masallaci ma da aka gyara, shi ya buɗe ta.

To, mutanen gari suka kafa ƙungiya don magidantan da ba su da abin yi. Za ka yi wata shida kana aikin sa-kai, kana bin Malam Jibo makanike kuna gyaran famfunan gari da injinan ban-ruwa kyauta, shi kuma yana koya maka. In ka iya, a nema maka aiki. Ba wanda ya zaɓi Alhaji shugaba. Ya dai zo taron farko ya zauna kan kujera mai hannu, har yau bai tashi ba.

Aiki kam yana yi. In ana fiddo bututun famfo, yana nan ƙarƙashin laima yana cewa, "Ku ja! Da ni da ku duk ɗaya ne!" In mai hoto ya zo, sai ya riƙe sifana da hankici.

Cikin masu koyon akwai Gwadabe, da ya yi acaba har mota ta karya mashi ƙafa. Ba ya iya noma, 'ya'ya biyar, matarshi Tani ke riƙe gidan da dakau. Da kaka ta matso, aka ce Hajiya Sa'adatu mai injinan casar masara a Funtua za ta zo ɗaukar mai kula da inji. Mutum ɗaya tak. Gwadabe ya sa rai ƙwarai.

Alhaji ya kawo sabulu da lemun tsami, ya tara masu koyon. "Ni na ga duniya. Na je Kaduna, na je Abuja. Manya ba su son ƙazanta. Kwana ukku ba mai taɓa inji, kowa ya goge hannu sai ya yi kamar nawa!"

Da safen ranar da Hajiya za ta zo, famfon unguwarmu ya tsaya, mata suka yi cirko-cirko da bokitai. Gwadabe ya je ya gyara, ya iso taro baƙi ƙirin har gwiwar hannu.

"Kai, koma bayan rumfa," in ji Alhaji, "kar ka ɓata mani layi." Gurbin Gwadabe, Alhaji ya sa ɗan ƙanenshi, wanda bai taɓa kwance noti ba.

Hajiya ta zo. Alhaji ya yi jawabi har shayinta ya huce. "Waɗannan da kike gani, Hajiya, da hannuna na ƙera su. Ni ne uwarsu, ni ne ubansu, ni ne injinsu!"

Ta ce, "Kowa ya buɗe tafin hannunshi."

Alhaji ya ɗauka duba-gari ne, ya riga kowa miƙa nashi, sumul, sai ƙamshin turare. Ta bi layin har ƙarshe.

"Alhaji, makanike na ce, ka jera mani angwaye. Wane ne wancan ke leƙe?"

Gwadabe ya ɗingiso. Ta dubi kantar hannunshi da baƙin mai a farce.

"Malam, inji ya tashi ya mutu, ya tashi ya mutu. Ina za ka fara?"

"Hanyar mai, Hajiya. Ko datti ko iska."

"Litinin ka same ni Funtua."

Alhaji ya yi wuf ya zaro almakashi. "Ai da ma shi na ɓoye maki don ƙarshe!"

Ta sake duban hannun nan nashi. "Kai kuwa, Alhaji, wace sana'a kake?"

"Shugabanci, Hajiya."

"Allah sarki. Malam Jibo, a taimaka mashi shi ma."

Gwadabe na Funtua yanzu, Tani ta huta da taɓarya. Malam Jibo kuwa bai san wasa ba. Da aka liƙa sunayen sabbin marasa aikin yi a bangon rumfa, na Alhaji ne na ɗaya. Ya tsaya ya karanta, ya gyara hula, ya ce madalla, gara da suka san wanda ya kamata a sa a sama.