Famfon Layinmu Yana Zuba, Amma a Jikin Bango

Jama'a, ku taya ni da addu'a, na yi suna. Ban yi waƙa ba, ban ci gasar komai ba, ban kuma taɓa kayan kowa ba, amma in ka shigo layinmu daga bakin titi har shagon mai aski, duk bangon da ka kalla ni ne a jiki.

Ran nan da safe na fito da jarkokina zan tafi neman ruwa, idona bai gama buɗewa ba, sai na yi kiciɓis da kaina. Fosta ce mai girman ƙyauren shago, an manna ta a katangar maƙwabcina. Ga ni nan a durƙushe, hula ta karkace, na wangale baki a ƙarƙashin famfo, ruwa na fallatsa har kunne, haƙorana duk a waje har da wanda ya gutsure. Daga sama kuma Mai Girma Sarkin Almakashi ne yake murmushi, ya ɗora hannu a ƙirji. An rubuta da manyan baƙaƙe: RUWA YA WADATA. Na dubi fostar, na dubi jarkokin da ke hannuna, na rasa wanda zan gaskata a cikinsu.

Bari in faɗa muku yadda aka yi na shiga bango. Watannin baya aka aiko mana cewa za a zo a buɗe mana famfo. Aka share layi, aka shafa wa katanga fenti, amma iya ɓangaren da zai fito a hoto. Ana gobe taro wata tankar ruwa ta zo ta laɓe a bayan katangar, aka huda ƙasan bangon aka zuro tiyo aka haɗa da bututun famfon. Duk mun gani da idonmu. Muka ce ƙila haka fasahar zamani take, mu da ba mu yi karatu mai zurfi ba ina ruwanmu da tambaya.

Ranar taro Mai Girma ya iso da jerin motocin da man da suka sha a hanya ya isa haƙa rijiya. Allah ya ja zamaninsa, mutum ne mai son aiki, almakashinsa ba ya kwana a kube. Kafin ya yanka ƙyallen buɗe famfon, sai yaronsa Mai Riƙe Jaka ya shigo cikinmu yana duba fuskoki ɗaya bayan ɗaya. Wannan ya cika tsafta, wancan ya cika tsufa, wancan kuma idonsa da alamar rigima. Da ya zo kaina sai ya tsaya.

"Yawwa! Baba, kai muke nema. Da ganinka an ga talaka na asali."

Wallahi sai na ji daɗi. Tun da nake gyaran fanka a garin da ba wuta, ba a taɓa cewa ni ake nema ba. Aka durƙusar da ni, Mai Girma ya murɗa famfo, ruwa ya ɓalle, aka ce in sha in yi dariya a lokaci guda. Na sha, na yi dariya, na ƙware, aka tafa. Motoci na juyawa aka naɗe tiyo, tanka ta bi bayansu. Mai Riƙe Jaka ya dawo da gudu ya kwance kan famfon ya jefa a jaka, ya ce akwai wata unguwar da za a buɗe wa nata da yamma.

Tun daga ranar bututun nan bai ɗiga ko ɗigo ba. Muka ci gaba da tsallaka titi muna bin layin rijiyar wani bawan Allah, ni da jarkoki, uwar yarana da bokiti a ka. Na ɗauka magana ta wuce, sai ga fosta.

Da farko abin wasa ne. In na fito sai a ce, "Barka da shan ruwa, Malam." Wata safiya na buɗe ƙofa na tarar da bokitan layin gaba ɗaya an jera mini su, wai in taimaka in cika tunda ni na san inda ake samu. Mai tura kurar ruwa kuwa in ya zo ƙofata sai ya ƙara sauri, in na kira shi ya ce, "Kai da ka ƙoshi? Je ka kafa baki a bango." Uwar yara ma ba ta bar ni ba. In na ce a ba ni ruwan wanka sai ta leƙa waje ta dawo ta ce, "Baban yara, na ga har yanzu kana sha, in ka gama sai ka rage mana."

Duk wannan na shanye. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne ranar da dattawan layi suka yi shiri, Baba Tela a gaba, suka tafi ofishin da aka ce nan ake kai kukan ruwa. Suka yi zaman benci har ƙafa ta yi tsami, sannan aka shigar da su wajen wani Ranka-ya-daɗe mai kujera mai juyawa. Ya saurare su tsaf. Da suka gama sai ya juya kujerarsa ya nuna bangon bayansa. Ni ne a wurin, baki a wangale.

"Wannan ba ɗan layinku ba ne?"

Suka ce shi ne.

"To ku dube shi da kyau. Ya yi muku kama da mai jin ƙishi?"

Haka suka dawo. Da yamma na gaida Baba Tela, mutumin da ya ɗinka mini rigar farko da na sa a duniya, ya amsa bai ɗago daga kan kekensa ba. Can ya ce, "Ɗana, da bakinka aka rufe mana baki." Ban iya cin abinci ba ranar. Ruwan layi guda ya maƙale a haƙorana, kuma kowa ya san hakan, ni ma na sani.

Washegari na je aski don in huce. Mai askinmu mutum ne da shaƙiyanci ya yi wa yawa, shi ne ma ya shirya jera mini bokitai. Bangon shagonsa cike yake da zanen barkwanci da ya yanko daga tsofaffin jaridu da kalanda. Ga wanda aka janye wa kujera yana shirin zama, ƙafafu a sama. Ga wanda aka ɗora wa bokiti a saman ƙofa. Ga mai sanƙo yana barci an zana masa ido da baki a tsakar ka. Ina kallonsu sai na ga ashe masu tsokanar cikin zane mutanen kirki ne. Sun kayar da kai, an yi dariya, ka tashi ka kaɗe riga, kowa ya san an yi maka. Manyanmu kuwa, Allah ya ƙara musu basira, sun kai abin wani mataki. Za su janye maka kujera, su ɗauki hotonka kafin ka kai ƙasa, su rubuta a ƙasa cewa an samar maka wurin zama.

Na faɗa wa mai aski haka. Ya kashe injin, ya dube ni ta madubi, idonsa na ƙyalli.

"Malam, da hoto aka yi maka. Da hoto za ka rama."

"Ni da wa zan rama? Ka san ko su waye?"

"Ba zagi, ba suna, ba komai. Wuri ɗaya, mutum ɗaya, durƙuso ɗaya. Mu manna kusa da tasu, mu koma gefe mu sha kallo."

Aka kira mai hoton layinmu, wanda muke ce wa Tsaya-Haka don ba shi da wata magana sai ita. Da rana tsaka muka hallara a gindin famfo. Na sa hular da na sa ranar taro, na karkata ta daidai yadda take, na durƙusa na buɗe baki a ƙarƙashin bututun da ba shi da kai. Gizo-gizo ya riga ya yi saƙa a bakinsa, mai aski ya ce kada wanda ya taɓa. Kazar maƙwabta ta mai da kwamin famfon wurin kwanci, ita ma aka ce a bar ta. Uwar yara da sauran matan layi suka jera bokitai a kife a bayana, suna dariya har da riƙe ciki.

"Tsaya haka!" in ji mai hoto. "Ƙara langaɓewa, Malam. Yi kamar ka galabaita."

Na ce masa ba sai na yi kamar ba, ya dai danna.

Da aka wanko hoton aka buga shi da girma, sai Tsaya-Haka ya tambaya me za a rubuta a ƙasa. Ni na so a sa ranar da aka ɗauka, ko a ce ga halin da muke ciki yau. Mai aski ya daka tsalle ya ce ina! Ya ja mu shagonsa ya nuna mana bango. "Dubi nan, akwai wanda aka yi wa rubutu? Tsokana in ta yi kyau ba ta son bayani. Ka yi bayani ka kashe dariyar." Muka ga ai shi ne gwani a wannan fanni, muka bar hoton fari fat daga ƙasa.

Jama'a, abin ya yi kyau. Duk inda fostar Mai Girma take, tamu na gefenta. Masu wucewa suka riƙa tsayawa, su kalli wannan su kalli waccan su fashe da dariya. Masu waya suka ɗauka suka watsa, har daga wasu unguwanni ake zuwa kallo, wasu ma suna cewa ai kan famfon da ke fostar Mai Girma sun gane shi, shi aka buɗe musu. Mai kura ya tsaya ƙofata da kansa ya sauke jarka. Baba Tela ya kira ni ya kama hannuna ya ce, "Ka wanke kanka, ɗana." Na dawo gida ina tafiya ina jin kaina kamar ni na haƙa rijiyar.

Ba a jima ba sai ga mota mai baƙin gilashi ta shigo layi. Mai Riƙe Jaka ya fito ya tsaya gaban hotonmu ya daɗe yana kallo. Ya tambaya wa ya yi wannan. Kafin ya rufe baki kowa ya sunkuyar da kai. Mai aski, jarumin da ya shirya komai, ya bi ta ƙofar baya ya bar wani bawan Allah da rabin kai a aske. Amma mutumin bai yi faɗa ba. Ya sa farce ya ɓamɓare ɗaya a hankali don kada ta yage, ya naɗe ta ya sa a jaka, ya ɗaga mana hannu ya tafi.

Muka ce shi ke nan, saƙo ya isa sama. Mata suka wanke randuna da durom. Uwar yara har ta fara lissafa wankin da za ta yi a ranar farko, ta ce da labule za ta fara. Ni kuwa ina zaune a ƙofar shago ina karɓar godiya.

Jiya da safe ma'aikata suka zo da tsani da bokitin gam. Ba su zo da bututu ba, ba su zo da kan famfo ba. Suka lulluɓe tsofaffin fostocin gaba ɗaya, tasu da tamu, da wata sabuwa da ta ninka su girma. Hotuna biyu ne a jere. A hagu hotonmu ne, ni da kaza da gizo-gizo da bokitai a kife, an rubuta a ƙasa: DA. A dama kuma ni ne ina ƙwarewa da ruwan tanka, an rubuta: YANZU. A tsakiya Mai Girma na murmushi.

Mai Riƙe Jaka yana tsaye yana duba aiki. Da ya hango ni ya taho da fara'a ya rungume ni a gaban kowa.

"Baba, Allah ya saka! Ka san ranar nan saboda sauri mun manta ba mu ɗauki hoton kafin aiki ba, oga ya yi ta faɗa. Sai ga shi kun yi mana, har da kaza. Mu kanmu ba za mu iya shirya shi haka ba."

Na buɗe baki in yi magana, ya ja ni gaban fostar yana nuna wa mutane.

"Ku duba ikon Allah! Dubi yadda bawan Allah nan ya rame a hagu, wuya kamar mariƙin lema. Yanzu dubi dama, har kumatu ya yi. Wa zai ce ruwa ba ya gyara mutum?"

Gaskiya ya faɗa, a dama ina da kumatu. Watannin da na yi ina jan jarka ne suka cinye su. Na waiwaya in ga ko akwai mai taya ni magana. Baba Tela ya juya a hankali ya koma kan kekensa. Uwar yara ta shiga gida ta fito da bokiti, ta miƙo mini jarkokina.

To, masu karatu, ni dai na sallama. Mu 'yan koyo ne a wannan sana'a, manyanmu su ne malamai, Allah ya bar mana su da almakashinsu. In hanya ta biyo da ku layinmu ku tsaya ku sha kallo, amma ku taho da ruwanku. In kuma kuna son mu gaisa ba zan yi wuyar ganewa ba, ku nemi wanda ya yi kama da na hagu.