Misye Milimita da Shagon Hajiya Kaltoumi

Idan ana lissafin mutanen da Allah ya yi wa Zangon Kwatano baiwa da su, sai a fara da Mahamoud, a ɗan huta, sannan a ci gaba. Mai zanen gine-gine ne. Ya taɓa zama a wani ofishin injiniyoyi a Ganhi yana jan layi, har ranar da ya gane ofishin ya yi masa kaɗan, su ma masu ofishin suka gane haka a wannan ranar. Ya dawo unguwa ya buɗe nasa, ya shimfiɗa kafet, ya sa taga ta gilashi. Unguwa ta raɗa masa Misye Milimita, domin ko shayi aka zuba masa sai ya ɗaga kofin ya duba ko ya tsaya daidai.

Kwamfuta ba ta shiga ofishinsa, ya ce wannan aikin ragwaye ne. Da hannu yake zane, a kan takardar kalki, siririyar nan da ake hango bayanta, ga doguwar rula, ga fensir a kowane kunne. Ba ya rubuta lamba ko kalma a jikin zane, saboda ɓarayin basira sun cika gari. Kowace santimita mita ce, mai hankali ya auna. Sa hannunsa kaɗai yake ɗorawa a ƙasa, shi ma a murɗe kamar an zubar da taliya.

Abu ɗaya ke cin ransa. Duk wannan baiwa, babu gini ko ɗaya a doron ƙasa da zai nuna ya ce nasa ne. Gidajensa duk a bango suke, manne da salatif. Ga shi kwamitin Islamiyyar unguwa zai ɗora bene, ana neman mai zane, kuma Mahamoud yana son aikin nan har cikin ɓargonsa. Shugaban kwamitin, Alhaji Ja'afar, dattijo marar hayaniya, ya ce masa ba su ƙi ba, amma gani ya kori ji.

Ana haka sai Allah ya kawo Hajiya Kaltoumi mai atamfa, yayar matarsa. Tana da ɗan fili a Godomey, titi a damansa, katangar maƙwabci a hagunsa. Buƙatarta ba ta da yawa: shago mai babbar ƙofa yana kallon titi, ɗaki a tsakiya, bayi a ɓoye ta wajen katanga. Misye Milimita ya zana, kuma tsakani da Allah zanen ya yi kyau. Kyansa ne ma ya sa ya manna shi a gilashin taga, yana fuskantar kujerarsa, don hasken rana ya ratsa takardar ya riƙa kallo yana gyaɗa kai.

Da magini Kamarou ya zo karɓar zane, ƙafafunsa fari fat da siminti, Misye ya tare shi a bakin ƙofa tun kafin ya taka kafet.

"Wannan takarda ba ta fita, kai kuma ba ka shiga," in ji shi. "Hannun da ya saba da bulo bai dace da kalki ba. Zagaya ta waje ka ɗauka da wayarka, ai ana gani."

Kamarou ya zagaya ta waje ya ɗauka. Ana gani kuwa, tsaf.

Hajiya ta tafi Djougou jegon 'yarta, sai bayan arba'in. Misye bai leƙa wajen ginin ba, domin a fahimtarsa ƙwaƙwalwa ba ta zuwa inda ƙafa ke zuwa. Sau ɗaya Kamarou ya buga waya, ya fara da cewa ƙofar shagon nan fa akwai magana. Bai kai ƙarshe ba.

"Kamarou, ni na yi tunani don kai ka huta da shi. Layi ba ya ƙarya. Bi layi."

Kamarou mutum ne mai biyayya, ya bi layi.

Da aka rufa kwano, Misye ya sa aka sassaƙa sunansa a allon marmara, ya aika da ɗan zem, mai haya da babur, da umarnin a kafa shi saman ƙofar da ke kallon titi. Sannan ya gayyaci kwamiti, ya gayyaci Hajiya da ta dawo a jiya, ya sa kwat cikin zafin nan. Duk tsawon hanya yana yi musu bayanin yadda gini ke numfashi.

Suka sauka. Ga gini a tsaye, layi-layi, babu inda ya kauce. A gefen titi akwai wata 'yar ƙofa siririya, samanta allon marmara yana sheƙi, kuma a daidai lokacin wani ɗan zem ya fito daga cikinta da buta, ya yi musu sallama ya hau babur ɗinsa. Babbar ƙofar shago tana can hagu, ta buɗe baki tana kallon katangar maƙwabci, a lungun da ko akuya sai ta karkace kafin ta shiga.

Nan take Mahamoud ya tuna gilashi. Ya tuna cewa abin da ke dama ga mai zama a ciki, hagu ne ga mai tsayawa a waje. Ya ji kunya irin wadda bai taɓa ji ba, gumi ya karyo masa har cikin takalmi. Ruwa ya ƙare wa ɗan kada, amma bakinsa bai samu labari ba. Ya gyara kwat ya ce a manyan birane yanzu haka ake yi, a ɓoye shago don mai saye ya nema, domin abin da aka sha wuya aka samu ya fi daraja.

Hajiya Kaltoumi ta ratsa lungun a karkace, ta fito da ƙura a mayafi. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce ta yi shekaru tana sayar da atamfa, ba ta taɓa sayar wa katanga ko yadi ɗaya ba, don haka gobe da safe za a fasa bango, kuma mijin ƙanwarta ne zai riƙe guduma, da kwat ɗinsa in ya ga dama.

Misye ya juya wajen Alhaji Ja'afar da ragowar fatansa. Dattijon ya daɗe yana duban allon marmara, ya leƙa ƙofar da ke ƙarƙashinsa, ya yaba iskar da ke shiga, ya yaba sauƙin kaiwa gare ta.

"Maganar bene a bar ta tukuna, Misye," in ji shi a hankali. "Amma makarantar tana buƙatar bayi. Tunda mun ga inda ka sa sunanka, ba sai mun nemi wani ba."